Yadda muka sha kafin a ba mu izinin buga wa 'yan ajinmu littafin karatu

Ni malamin Hausa ne a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati nan Kaduna, wajen Rigasa. Tun da muka raba wa 'yan aji ɗaya ɗan littafin karatun da muka haɗa da kanmu abokan aiki ke ta tambayata yadda aka yi, da kuma abin da ya sa abu ɗan firit haka ya cinye mana kusan zango biyu. To ba bugawar ce ta ci lokaci ba, neman izini ne. Bari in rubuta shi nan sau ɗaya kowa ya karanta, na gaji da saƙon murya wallahi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan JSS 1 a makarantar gwamnati ya san halin da ake ciki, aji ya cika maƙil, littafin Hausa guda ɗaya yara biyar shida sun kifa kai a kansa, na can gaba ma a juye yake ganin rubutun, kuma cikinsu akwai waɗanda sun gama firamare amma har yanzu da yatsa suke bin baƙi ɗaya bayan ɗaya. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatu daga firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole ne, amma littafi kam sai wanda Allah ya ciyar. Abin da malamai muka saba shi ne ka ɗauki naka kwafin ka leƙa shagon fotokofi na bakin titi, a ciro maka 'yan shafuka da kuɗin aljihunka ka raba, kafin sati ya zagayo rabi sun yage rabi an ƙunshe awara a ciki.

Sai ƙungiyar tsofaffin ɗaliban makarantar suka yi taro suka haɗa 'yan kuɗi, suka ce a yi abin da zai shafi karatu, ban da fenti, don fenti an sha yi. Hajiya firinsifal ta kira ni ta ce Malam kai ka san ciwon yaranka, kawo shawara. Na ce ranki ya daɗe a buga musu littafi, kowane yaro da nasa, ya tafi da shi gida har ƙannensa su amfana. Cikin hutu na zauna na tattaro abin da na san yana ci a aji, babi biyu daga wani littafin koyon Hausa na wani kamfanin Ibadan, waƙa ɗaya ta wani dattijon marubucin waƙoƙi a Zariya, gajeren labari na wata marubuciya 'yar Kano, labari biyu daga Magana Jari Ce, tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, wani shafi kan tsabtar ruwan sha da na fassaro daga littafin kimiyya na Turanci, sai hotuna da na kwaso a intanet. Aka buga min a kwamfuta, na ɗauka sai maɗaba'a.

Mai maɗaba'ar dattijo ne, ya tsufa a sana'ar. Ya karɓa yana lasar yatsa yana buɗe shafi, bai ce uffan ba sai da ya zo kan babin kamfanin Ibadan ɗin nan, da yake har zanen hotunansu yana ciki yadda yake. Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, wannan ai na san masu shi. Ina takardarsu?" Na ce Alhaji wace takarda kuma, makarantar gwamnati ce fa, kyauta za a raba, ko kwabo ba za mu karɓa ba. Ya ce, "Kai ne ba za ka karɓa ba, ni ai zan karɓa. Ran da za a zo injina za a ɗauka, ba allonka ba." Ya ce jami'an Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya suna shiga maɗaba'u da shagunan littattafai neman bugun sata, shi kuma ba zai rasa abincinsa don wani ya samu lada ba. Ya miƙo min takarduna ya ce in na samo izini ƙofa a buɗe take.

Na fito raina a ɓace, don ni a ganina taimako muke yi. Sai aka haɗa ni da wata lauya cikin tsofaffin ɗaliban, yarinyar da ni na koyar da ita a aji uku, yanzu ina ce mata Barista ita kuma har gobe sai ta rusuna ta ce Malam. Ta buɗo min dokar a wayarta, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Ta ce na farko dai, zancen wai sai littafin da aka yi wa rajista ne ke da kariya, babu shi. Da zarar mutum ya ƙirƙiri abinsa ya rubuta haƙƙi ya tabbata, da alamar © ko babu. Na biyu, "ai ba sayarwa zan yi ba" ba ta wanke mutum ita kaɗai. Amma kuma dokar ba ta manta da malamai ba. Ka kwafi sakin layi a allo da alli yara su juya a littafinsu, ba komai. Ka ɗauko wani yanki ka sa a tambayar jarrabawa, ba komai. Har fotokofi makaranta na iya yi don koyarwa, sai dai da iyaka, kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na littafin a cikin wata uku, kuma a ambaci mai shi. Nan take na lissafa, littafin kamfanin nan shafi 120 ne, ke nan shafi 6 a zango guda, ni kuwa babi biyu cur nake so, kuma ba fotokofin darasi ɗaya ba, sabon littafi za mu ɗinka da bangonsa mu buga ɗaruruwa. Ta ce Malam wannan ya wuce sassauci, sai izini. Har shafin da na fassara ta ce fassara ma tana cikin haƙƙin mai littafi, juya shi zuwa Hausa ba ya mayar da shi naka. Ta kuma nuna min abin da Alhaji ke gudu, wanda ya buga kwafin sata don kasuwanci tararsa ba ta gaza naira 10,000 a kan kowane kwafi ba, ko ɗaurin aƙalla shekara 5, ko duka biyun. Ka ninka wannan da yawan 'yan aji ɗayanmu ka gani ko kai ne za ka kunna inji.

Inda muka ɗan ja da ita shi ne Magana Jari Ce. Na ce haba Barista, littafin da aka buga tun shekarun 1930, kakanninmu sun karanta, shi ma sai an roƙa? Ta ce ba daga ranar bugu ake ƙirge ba Malam, daga rasuwar marubuci ne, shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan sai bayan 2051 littafin zai zama na kowa da kowa. Kuma ga shi nan a kasuwa, kamfanin NNPC na Zariya, na littattafai ba na mai ba, shi ke buga shi. A nan ban ma wahalar da kaina ba, muka cire labaran, muka ware kuɗi muka sayo 'yan kwafi na asali suna ofishina ana ba yara aro. Tatsuniya kuwa da sauƙi, ba wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya ƙago Gizo, kuma dokar ta ware irin waɗannan kayan gargajiya a wani sashe daban ta kuma yarda a yi amfani da su wajen koyarwa. Sai dai in wani ya rubuta tatsuniyar da kalmominsa a littafinsa, kalmomin nasa ne. Shi ne na tafi Tudun Wada na zaunar da Inna, yayar mahaifiyata, ta yi min su da bakinta ina ɗauka a waya, tana yi tana min faɗa wai gardi da ni ina neman tatsuniya da rana tsaka. Na rubuta yadda ta faɗa, daga ga ta nan ga ta nanku har ƙurunƙus, muka sa sunanta a ƙasa. Su yaran suka fi so a duk littafin.

Sauran kuma Barista ta ce in yi jadawali, kowane yanki da layinsa, wa ya rubuta, wa ya buga, yana raye ko ya rasu, shafi nawa muke so. Sannan wasiƙa, kuma ba da sunana ba, da sunan makaranta a takarda mai tambari, firinsifal ta sa hannu ta buga hatimi. Abin da ta fi nacewa a kai shi ne a faɗi komai ƙarara, sunan littafi da bugu na nawa ne, daga shafi kaza zuwa shafi kaza, kwafi nawa za a buga, su wa za a ba, kyauta ko sayarwa, takarda kaɗai ko har da na waya, kuma zuwa yaushe. Ta ce kamfanoni sun fi saurin amsa wasiƙar da ta ja wa kanta iyaka, wadda ta ce kawai "muna neman izinin amfani da littafinku" ita ce ake turawa ƙasan tire. Hajiya kuma ta ce ba za ta sa hannu ba sai an sanar da na sama, kuma da gaskiyarta, muka rubuta muka kai. Fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, kowa ya duba ya ce ba nasa ba ne, ban ma ga laifinsu sosai ba don ba a taɓa kawo musu irinsa ba. A ƙarshe wani ya rubuta a gefe da jan biro cewa ba su da ja matuƙar ba za a karɓi kuɗi a hannun yara ba. Layi ɗaya, amma ya ci makonni.

Marubucin littafin koyon Hausan na fara nema, da yake na san wanda ya san shi, tsohon malami ne ya yi ritaya. Ya ji daɗi ƙwarai, ya yi ta sa albarka, sai kuma ya ce, "Ɗana, da a hannuna yake da na ce ka ɗauka duka. Amma tun tuni na sa hannu na miƙa wa kamfani, ni ɗan kasona kawai ake turo min in an sayar." Wannan ne da yawanmu ba mu sani ba, sunan da ke bangon littafi ba lallai shi ne mai ikon ba da izini ba. Ka buɗe bayan shafin farko inda ƙananan rubutun nan suke tare da lambar ISBN, ka duba sunan da ke gaban alamar ©, daga nan ake fara nema.

Na tura wa kamfanin imel ta adireshin da ke cikin littafin, shiru, na sake, shiru. Wani mai shagon littattafai a kasuwar Sheikh Gumi ne ya ce Malam bar imel ɗin nan, nemi wakilinsu mai zagaya makarantu da kaya a but ɗin mota. Bayerabe ne amma haifaffen Kaduna, Hausarsa ta fi ta wasu ɗalibaina. Da farko ya zaci ciniki ne ya zo, da ya ji zancen izini sai jikinsa ya ɗan yi sanyi, ya ce Malam to me zai hana ku sayi littafin kawai? Kuma bai yi ƙarya ba, shi da sayarwa yake ci. Na ce masa kuɗinmu ko rubu'in yaran ba zai saya wa ba, kuma babi biyu kaɗai muke bukata. Ya ɗauki hoton wasiƙar ya tura wa wata mata da ke kula da sashen haƙƙoƙi a hedikwatarsu, daga nan magana ta fara tafiya. Amsar ta zo da sharuɗɗa jere, babi ɗaya suka yarda ba biyu ba, na shekarar karatu ɗaya, iya adadin kwafin da muka rubuta, makarantarmu kaɗai, a takarda kaɗai, a rubuta a bango cewa ba na sayarwa ba ne, a sa sunan marubuci da na kamfani a ƙasan shafi da ainihin kalmomin da suka turo, kuma a aika musu kwafi biyu in an buga. Zanen hotunan kuwa suka ce ba su da ikon bayarwa, mai zanen don littafinsu kaɗai ya sallama musu, sai malamin zanen makarantarmu ya zana mana wasu, har ya sa Keke Napep a ciki yara suna ta dariya. Kuɗin da suka nema bai kai na buhun shinkafa ba, kuma asusun kamfani muka tura aka ba mu rasit. Kada wanda ya kuskura ya damƙa wa mutum kuɗin izini a hannu, komai kirkinsa.

Masu littafin kimiyyar nan kuwa har yau ba su amsa ba. An ce shiru ma amsa ce, amma a wannan harkar shiru ba izini ba ne, muka cire shafin, malamar kimiyyarmu ta rubuta sabo da Hausarta. Cewa a tace ruwa a tafasa kafin a sha ba mallakin kowa ba ne, jerin kalmomin ne ke da mai shi. Hotunan intanet ma duk muka zubar, don ko ɗaya ban san mai shi ba balle in tambaye shi.

Zariya na hau mota a tashar Kawo wata Asabar. Na tarar da dattijon a zaure kan buzu, rediyo a gefe, bayan gaisuwa na ce Allah gafarta Malam waƙarka muke so mu sa wa yara a littafi, mun zo neman izini. Ya yi dariya ya ce waƙa ai don a ji ake yin ta, kawo in gani. Ya sa tabarau yana karantawa a hankali yana buga yatsa a gwiwa, yana zuwa baiti na huɗu yatsan ya tsaya. Ya ce wannan kalmar ba tawa ba ce, ka ji yadda ta karya karin? Ya rera da tasa, ya rera da wadda ke takardar, kai ko wanda bai san waƙa ba zai ji bambancin. Ashe wadda ke yawo a Facebook an sauya mata kalma, an kuma yar da baiti guda gaba ɗaya, kowa na kwafa daga kowa. Ya shiga gida ya fito da tsohon littafinsa na rubutun hannu, takardun sun yi ja, na zauna na kwafa daga asali. Kuɗi kam ya ce kada ma in fara, sharaɗinsa biyu, a sa sunansa kuma kada a taɓa masa ko wasali ɗaya. Da na gaya wa Barista ta ce waɗannan biyun ko bai faɗa ba doka ta ba shi, a ambaci sunan mutum kuma kada a lalata masa aiki. Da na fito da takardar sa hannu ne ya ɗan ɓata fuska, ya ce yaro maganata ba ta isa ba? Na ce ta isa Baba, mai maɗaba'a ne ba zai ji ta daga Kaduna ba. A doka izini irin wannan, wanda ba kai kaɗai aka keɓe wa ba, ko da baki aka bayar ya yi, wanda dole sai a rubuce shi ne sallama haƙƙi ko keɓe wa mutum ɗaya. Amma rai na Allah ne, firinsifal ma ana canza ta, gobe wani ya tambaya wa zai tsaya shaida? Ya sa hannu, babban ɗansa ya sa a matsayin shaida.

Marubuciyar Kano ta waya muka yi, kuma ita ce ta fi kowa saurin yanke magana don haƙƙin a hannunta yake, ita ta biya maɗaba'a da kuɗinta ta kai kasuwa da kanta kamar yadda yawancin marubutan Kano ke yi. Ina gama bayani ta ce, "Malam, kai ne na farko da ya taɓa kirana ya tambaya. Littafina na ƙarshe ko sati bai yi a kasuwa ba na gan shi a guruf ɗin WhatsApp, wata ta zauna ta buga shi kaf ta cire sunana, har ana yi mata godiya." Ta ce za ta bayar amma sai an biya, ko kaɗan ne. Da na kai wa kwamiti wasu suka fara gunaguni, wai yaran talakawa ne, wai ai sadaka ce mai gudana. Ni kam bayanta na bi. Mai takarda za mu biya shi, mai tawada za mu biya shi, mai man janareta ma haka, ba wanda ya ce su yi sadaka, sai wadda ta ƙirƙiri labarin ce za a karanta wa hadisi? Sadaka ai mai abu ke yin ta don ransa, kamar yadda Baban Zariya ya yi. Aka biya ta, ta turo takarda da sa hannu, ta roƙi a jera sunayen sauran littattafanta a ƙarshen labarin, muka jera.

Gurbin da ya rage da labarai masu buɗaɗɗen lasisi muka cike shi, kuma nan nake so malamai su buɗe kunne. Akwai shafin African Storybook na wata ƙungiya mai suna Saide a Afirka ta Kudu, akwai StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, duka biyun suna da labaran yara da Hausa, da hotuna masu kala, an jera su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan nauyi. Lasisin Creative Commons ne a kansu, wato mai abin ya riga ya ba da izini tun kafin ka tambaya, kai dai ka kiyaye sharaɗi. Ka duba 'yan haruffan da ke jikin lasisin, BY shi ne ka ambaci marubuci da mai zane da mai fassara, NC ban da kasuwanci, ND kada ka sauya komai, SA kuma in ka sauya to kai ma ka saki naka da irin wannan lasisin. Mu masu BY zalla muka ɗiba don muna son mu daidaita Hausar da bakin yaranmu, wasu labaran da Hausar Nijar aka rubuta su, akwai kalmomin da ɗan Rigasa zai tsaya yana tambaya. Muka gyara muka kuma rubuta a ƙasa cewa mun gyara, don shi ma yana cikin sharaɗin. Sai dai ka tsaya ka zaɓa da kyau, yawancinsu don ƙananan yara aka yi, ɗan shekara goma sha uku in ka ba shi na 'yan aji biyun firamare zai ga kamar ka raina shi.

Na koma wurin Alhaji da fayil, ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya ya yi fotokofinsu ya sa a durowa, sannan ya ce to yanzu mu yi ciniki. Gwajin farko da ya fito duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai wani ɗan akwati ya zauna a wurin, don salon haruffan da yaron kwamfutarsa ya zaɓa ba shi da masu ƙugiya, ka ga da an buga haka da waƙar Baba ta tashi daga aiki. Aka canza, na zauna a bencin shagon na karance shi shafi-shafi kafin a ɗora a inji. Shafin ƙarshe gaba ɗaya na godiya da izini ne, kowane yanki da mai shi da sharaɗinsa.

Masu cewa in turo musu PDF ku yi haƙuri, ba rowa ba ce. Izinin kamfanin Ibadan da na marubuciyar Kano na takarda ne kuma na makarantarmu kaɗai, in na saki a guruf na ci amanar waɗanda suka amince da ni. Abin da na yi shi ne na ware wani daban mai tatsuniyoyin Inna da labaran buɗaɗɗen lasisi da shafin malamar kimiyya, da yardarsu, wannan kowa ya ɗauka ya buga. Mutum ɗaya aka ba cikakken, wani abokina mai koyar da yara makafi da zai mayar da shi rubutun makafi, shi kuma Barista ta ce sabuwar dokar da kanta ta buɗe wannan ƙofar, bisa yarjejeniyar Marrakesh da Najeriya ta amince da ita a 2017.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne wannan aikin bai kamata a ce malamin aji ne ke yin sa ba. Ni na yi sa'a akwai lauya kyauta, akwai firinsifal mai haƙuri, malamin da ke ƙauyen Birnin Gwari ko Kauru fa? Shi zai ci gaba da fotokofinsa a ɓoye, marubuci bai samu komai ba, yaro ya samu takarda mai dishi-dishi. A Ingila ma'aikatar ilimi ce da kanta ke sayen lasisi a dunƙule a madadin makarantun gwamnati, daga hukumomi irin su Copyright Licensing Agency, malami ya san zai iya kwafar babi ɗaya ko kashi 5 cikin 100 na littafin da makarantarsa ta mallaka ba sai ya rubuta wa kowa wasiƙa ba, kuɗin kuma a raba wa marubuta da kamfanoni. Mu ma muna da ƙungiyar da aka kafa don irin wannan, REPRONIG, aikinta ba da lasisin kwafa a madadin masu littattafai. Me zai hana ma'aikatar ilimi ta jiha da SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, su zauna da su a yi wa makarantun jihar gaba ɗaya? Kuma duk littafin da gwamnati ta sa aka rubuta da kuɗin jama'a, a sa a kwangilar tun farko cewa makarantun gwamnati na da ikon kwafa da fassarawa. Mun rubuta wannan a takarda mun miƙa ta hannun Hajiya.

Izinin kamfanin zai ƙare ƙarshen wannan shekarar karatun, kuma ga sababbin 'yan aji ɗaya na tafe, don haka na riga na tura wasiƙar sabuntawa, wannan karon na roƙi a haɗa da makarantu biyu da ke maƙwabtaka da mu. In sun ƙi, mu malaman Hausa na makarantun uku mun yi magana za mu raba babin a tsakaninmu mu rubuta namu. Wanda ke son samfurin wasiƙar da jadawalin ya yi min magana in tura mishi, ya canza sunan makaranta da lambobin shafi kawai.